Littafin Kawu na Rigunan Faransa

Yau ina share shagona a Goronyo na tarar gara ta cinye rabin littafin da marigayi Kawu, wanda ya koya mini ɗinki, ya kawo daga Yamai tun yana saurayi. Zanen matan Faransa ne da tawada, ƙugu siriri, siket ya baje kamar laima. Har yanzu takardun suna warin man keke.

Na tuna wata rana, yana da rai, wata malamar makaranta daga Rabah ta nuna riga ɗaya a littafin, ta ce irinta za ta sa ranar da za a karrama ta. Na ɗauki almakashi, Kawu ya riƙe hannuna.

"Mi za ki yanka, ɗiyata? Wagga macce cikin takarda take, ba ta ruku'u, ba ta zama bisa tabarma. Malama ko tana yi."

Ya sake zana rigar a takardar siminti, ya sassauta ƙugu, ya tsawaita hannu. Da aka ɗinka, Malama ta gwada, ta zauna, ta miƙe, ta yi dariya.

Yanzu hoton waya ake miƙo mini, a ce kada in canza komai. Idona ya gaji, musun ma na daina. Allah ya yalwata wa Kawu makwanci, ya sa ya huta.