Ƙusa a Kofaton Akawal

Mu a gidanmu na Gwandu ba a taɓa yi wa doki takalmin ƙarfe ba. Idan kofato ya yi tsawo, wuƙa nake sawa in datse, in goge, in shafa man shanu. Haka na yi kiwon akawal ɗina, baƙin dokin da ya sha cin sukuwa a Kalgo bayan kaka.

Ɗan baffana kuwa, wanda ya girme ni, ya yi zama cikin masu wasan folo na kan doki a birni, ya dawo da ra'ayinsa. Kullum a bakin turke sai mun yi musu.

"Dokin da babu takalmi, kofatonsa cinyewa yake," in ji shi.

Ni kuma in ce, "Yaya, can kuna bin kwalta. Nan yashi ne, mi za ya ci mai kofato?"

Na tafi Maruda girbin gero, na bar masa amanar dokin. Ya kira maƙeri aka buga takalman. Ƙusa ɗaya ta zarce ta shiga nama. Da na dawo na tarar da akawal tsaye da ƙafa uku, kofaton yana wari. Ya warke, amma bai sake gudu ba. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi dama dokin ya tsufa.

Na samo duƙushi wurin wani Bafulatani a Wurogauri, na raine shi, ina kai shi cikin yashin rafi kullum da safe. Muna gaisawa da Yaya, muna cin tuwo tare, ni kuwa jira nake.

Shekarar da Yaya ya fito sukuwa da kilinsa, farin doki mai takalmi, a Kalgo, na ja nawa na tsaya daf da shi. Tun kafin rabin fili na wuce shi. Sai na ja linzami da gangan har ya kamo ni, na dube shi ido da ido, sannan na saki linzamin na bar shi a baya.

Da muka koma gida, baffa ya kira ni ya ce wannan cin fuska ne, in je in ba yayana haƙuri. Na ce to. Har yau ban je ba.