Gajeriyar Hanyar Mika'ilu

Duk wanda ya san layin masu kwamfuta a bayan Kasuwar Litinin ya san Mika'ilu. Dogo ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ubansa dillalin shanu ne, amma shi ko akuya bai iya kamawa ba, sai buga takardu. Kuma wallahi akwai shi da ji da kai, in ya gyara abu sai kowa a layin ya ji labari.

Shekarar da ƙauyuka suka kwararo cikin Maiduguri, shi da wasu malaman makaranta suka buɗe wiki, wato shafin intanet da kowannensu zai iya shiga ya ƙara rubutu. Malaman na zagaya sansanonin 'yan gudun hijira suna rubuta sunayen waɗanda suka iso da rai, ƙauye bayan ƙauye, duk a shafi ɗaya dogo. Masu cigiya kan taru a shagon Mika'ilu, ya karanta musu daga sama har ƙasa. Awa biyu cur, har murya ta dushe.

Abin ya ishe shi. Manhajar ta iya tsallakawa daga wani shafi zuwa wani, amma ba ta san tsalle a cikin shafi ɗaya ba. Ya yi mako yana tonon cikinta har ya koya mata sabuwar alama. In aka rubuta sunan ƙauye kamar haka, [[#Wuladi]], dannawa ɗaya sai ga ka a kan mutanen Wuladi. Kai, zo ka ga baki har kunne! Daga ranar ya daina dogon karatu. "Wane ƙauye?" Ya danna, ya karanta, na gaba ya matso.

Cikin masu zuwa akwai Ya Gumsu, tsohuwa mai ginin tukwane daga Wuladi, tana neman 'yarta Yagana. Duk Litinin tana nan, da Hausarta mai ƙamshin Kanuri.

"Ɗana, duba mini."

"Babu, Ya Gumsu. Sai wani makon."

Minti ɗaya bai cika ba an sallame ta. Masu suna Yagana sun fi ɗari biyu a shafin, shi kuwa na Wuladi kawai yake dubawa. Wata huɗu ana haka, bai taɓa tambayarta ko yarinyar tana da aure ba.

Wata Litinin janareta ya ƙi tashi. Malama Pindar, ɗaya daga cikin masu tattara sunayen, tana shagon da bugaggen kwafin shafin a jakarta. Ta ce tunda mutane sun zo, bari ta karanta musu irin na da. Mika'ilu har da tsaki, wai ɓata lokaci ne. Tana cikin mutanen Burumti, wani ƙauye can daban, sai ta karanta: "Yagana matar Saleh, tana da ciki wata biyar, uwarta Gumsu mai tukwane."

Tsohuwar ta miƙe, zanenta na zamewa. Ashe a ƙauyen mijinta aka rubuta Yagana, kamar yadda kowace matar aure za ta faɗa in an tambaye ta daga ina take. Mika'ilu ya karɓi takardar ya duba ranar da aka shigar da sunan. Kwana uku ne bayan ya daina dogon karatu. Gumi ya karyo masa, ya kasa ɗaga kai.

Malama Pindar ta sa Ya Gumsu a keke mai ƙafa uku suka nufi sansanin da ke hanyar Dusuman. Sun makara da kwana tara. Yagana ta rasu wajen haihuwa, jaririn ya rayu.

Kunya ta hana Mika'ilu buɗe shago har kwana uku. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa tsinuwa, ya ma fi son a yi masa su. Litinin ta zagayo, sai ga Ya Gumsu da jariri a goye da ɗan tulu a hannu, wanda ta gina da kanta.

"Ɗana, ga wannan ka riƙa shan ruwan sanyi. Ba don shafinka ba da ban ga jikana ba."

"Ya Gumsu, ni ne na..."

"Rubuta shi," ta katse shi. "Sunansa Usama. Ubansa bai iso ba tukuna. Ka sa shi a Burumti, ka sa shi a Wuladi, ban san ta inda zai nema ba."

Ya rubuta, sau biyu yana kuskure. Alamar tana nan a shafin har yau, bai cire ta ba. Amma da ya gama sai ya koma can saman shafin, ya gyara tabarau, ya ce wa mutanen da ke kan benci su yi haƙuri, yau za a daɗe. Ya Gumsu ta kwance goyon ta zauna, ya fara daga sunan farko.