Ajimi da Sawun Surukarsa

Shekara ashirin da biyu ke nan teburin gorona yana jingine da rumfar Ajimi a Bulumkutu, dab da inda masu keke napep suke juyawa. Mutane suna ce masa shumeka, bai kuma taɓa musawa ba, amma ba ɗinkin takalmi aka fi saninsa da shi ba. Shimfiɗa yake yi wa takalmi daga ciki, daidai da ƙafar mai shi, domin wanda ciwon diddige ko na tafin ƙafa ya hana shi sakat.

A kansa ya koyi aikin. Yana saurayi ya faɗo daga motar kifi a hanyar Baga, ƙafar hagu ta warke amma ta ɗan gajarta. Da yake mahaifinsa baduku ne, ya saba da wuƙa da fata, sai ya riƙa yanka soso da roba yana cusawa a takalminsa, yau ya ƙara gobe ya rage, har ɗingishin ya ɓace. Wanda ya fara lura shi ne Dzarma, maigadin wata makaranta a bayanmu, mutumin da tsayuwa ta cinye wa diddige. Ajimi ya yi masa, ya ji daɗi, kuma da yake Dzarma ba ya riƙe magana, kafin wata uku malaman makaranta da masu dako sun san rumfar. Har yau kullum da hantsi yana nan a bencin Ajimi, yana cin gorona yana zolayarmu.

Ajimi ba ya auna ƙafa da tef. Abu biyu yake nema: tsohon takalmin da ka fi sawa, ya ga inda ya cinye, sannan ka taka masa ƙafa a akwatin yashi mai danshi da yake ajiyewa ƙarƙashin benci. Sai ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawun, yana danna ƙafarka da yatsa yana tambayar inda yake zafi. In ya ga gyambo ko kumburi, ba ya taɓawa, asibiti yake tura mutum.

Bara, ana saura wata guda damina ta faɗi, matarsa Suwaiba ta kawo masa abincin rana da kanta, ta tsaya ba ta tafi ba. Mahaifiyarta, Ya Kaltum, tana Khaddamari tana noman shinkafa a gonar da mijinta ya bari. Diddigenta na hagu ya tasa ta gaba, in ta tashi da safe kamar ta taka ƙusa. A asibiti sun ba ta magani, sun ce ta nemi takalmi mai laushi. Babban ɗanta Mahfuz kuwa ya yanke magana: in ruwa ya sauka ba ta iya takawa zuwa gona ba, zai ba maƙwabci gonar ya noma, ya ɗauko ta ya kawo gidansa a Galtimari.

"Ita me ta ce?" in ji Ajimi.

"Ta ce gidan Yaya ko kaza babu, da wa za ta yi faɗa?" Suwaiba ta yi dariya, amma idonta ya ciko. "Maigida, in aka raba Iya da gonar nan, zama zai kwantar da ita."

Aikin ba shi da wuya a wurin Ajimi. Wuyar ita ce kunyar surukuta. Shekara goma sha tara da aurensa bai taɓa cin abinci a gaban Ya Kaltum ba, bai taɓa kallon fuskarta sosai ba. Daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ya riƙe ƙafarta a hannunsa kuwa, wannan ko a mafarki. Sai ya ce Suwaiba ta karɓo tsohon takalminta kawai, zai yi ƙoƙari da shi.

Aka kawo takalmi, wanke fes. Ya juya shi, ya ce mai wannan takalmi a gefen waje take takawa, ya yanka shimfiɗa a kan haka, aka kai. Kwana huɗu sai ga waya: ciwon ya ƙaru, yanzu har gwiwa. Ban taɓa ganin Ajimi ya ajiye basilla da rana tsaka ba sai ranar. Suwaiba ta matsa wa uwar da tambaya, gaskiya ta fito. Takalmin na maƙwabciyarta Lauratu ne. Nata na gona ya tsinke, da waya ta ɗaure shi, ta ji kunyar surukinta ya gani, sai ta aro mai kyau ta aiko.

Dzarma ya yi dariya har da tari. "Surukar shumeka guda, takalminta ɗaure da waya? Ajimi, da ni ne kai, garin zan bari."

"Kai da surukarka take aikenka sayen gawayi, me ka sani?" in ji Ajimi. Amma shi ma murmushi yake, don ya gane ba idonsa ne ya yi kuskure ba. Lauratu kuwa aka bar mata shimfiɗar, ta ce tun da take ba ta taɓa jin daɗin tafiya haka ba.

Kwana goma sha biyu sun tafi a banza, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ajimi ya ce dole ya ga sawu. Yashi ba zai jure hanyar Khaddamari ba, zai ruguje, sai ya ce Suwaiba ta ɗebi baƙar lakar bakin gonar, ta kwaɓa ta da tauri a babban faranti, ta sa uwar ta taka.

Suwaiba ta ba mu labarin yadda suka yi. Da farko Ya Kaltum ta ƙi, ta ce ai duk ɗaya ne da nuna masa ƙafa.

"Iya, kullum kina barin sawu a hanyar gona, har jakuna suna gani. Laka zai kalla, ba ke ba."

"Ke dai bakinki ya fi ki girma," in ji tsohuwar. Ta dafa kafaɗarta, ta taka da dama, ta taka da hagu, ta juya ta shige ɗaki. Suwaiba ta zaro takalmin wayar daga ƙarƙashin gado ta sa a jaka ba ta faɗa mata ba. Ta rufe farantin da faifai, ta ɗaure da sabon ƙyalle, ta rungumo shi a cinya cikin bas. Wani fasinja har ya ce, "Hajiya, abincin biki ne? A sammana."

Da hannu biyu Ajimi ya karɓi farantin. Dzarma ya leƙo, Ajimi ya kare farantin da jikinsa. "Matsa can. Wannan ba na kallon kowa ba ne." Ya shiga can cikin rumfa ya tsuguna. Daga baya ya gaya mini tafin ƙafarta ya baje, duk nauyinta a gefen diddige na ciki yake sauka, akasin na Lauratu. Kwana uku ya yi a kai. Ya ɗaga tsakiyar shimfiɗar da roba, ya fafe ɗan rami daidai inda ciwon yake ya cika da soso mai laushi, ya rufe da fatar akuya, sannan ya ɗinka sabon takalmi mai maɗauri a baya ya sa a ciki. Duk wanda ya kawo gyara a kwanakin nan, haƙuri ya ba shi.

Aka kai, shiru. Suwaiba ta buga waya, uwar ta ce da sauƙi, ta shiga zancen tsadar taki. Ba mu san inda aka kwana ba har ruwan farko ya sauka.

Kwana biyu bayan ruwan, da la'asar, Mahfuz ya tsayar da motarsa a gaban rumfar. Ya fito wandonsa duk laka har gwiwa, ya zauna a benci bai ko yi sallama da kyau ba.

"Ajimi, ka ɓata mini shiri. Ɗaki na sa aka yi wa fenti, na sayi katifa. Na je ɗauko ta na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na bi ta gona, tun daga nesa take ce mini in ba iri na kawo ba in koma. Da za mu dawo ita ce a gaba, ni ina haki a baya."

"Gonar fa, Yaya?" in ji Ajimi a hankali.

"Wa zai karɓe? Kai ka je ka karɓa." Ya miƙo hannu na ba shi goro, ya ɓare. "Ta ba ni saƙo. Ta ce a gaya wa maigidan Suwaiba ta ga aike."

Ajimi ya jira ko da saura. Babu. Ya sunkuyar da kai kamar tana tsaye a wurin, ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara mata lafiya." Ya jawo takalmin wani mai dako ya ci gaba da ɗinki, amma zaren ya kasa shiga basilla har sau uku, don dariyar da yake ta dannewa.