Tuwon Sallar da Inna ta maido

A shekarar da annobar korona ta shigo, azumi ya same mu a kulle. An rufe gari, an rufe masallatai, kasuwa kuwa sai ranar da aka ba da dama. Ni da na saba zuwa tafsiri bayan La'asar sai na koma jinsa a rediyo, asham kuma in ja iyalina a tsakar gida. A nan ne na gano matata ta fi ni riƙe wasu surorin, don sau da yawa daga bayana nake jin gyara. Da rana, idan ba ranar kasuwa ba ce, nakan zauna in sabunta tsofaffin takardun wa'azi na ajami da mahaifina ya bari, waɗanda asu ya fara ci.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Tun kafin a rufe gari ta dawo gidanmu haihuwar fari, ta kuma sauka lafiya mako biyu kafin azumi, aka samu mace. Ba a yi taron suna ba. Na raɗa wa jaririya suna da kaina, aka yanka rago, aka miƙa wa maƙwabta nama ta kan katanga. Sunan mahaifiyata aka sa mata.

Inna, mahaifiyar tawa, tana gidanmu na gado a cikin gari tare da ƙanwata wadda mijinta ya rasu. Tsakaninmu ba nisa, da ƙafa nake zuwa. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, kuma ta daɗe tana fama da tarin asma. Saboda haka 'yata ta kafa mana doka, ta ce kada kowa ya shiga wurin Inna, domin cutar nan ta fi kayar da tsofaffi masu ciwon ƙirji, kuma mutum kan ɗauko ta bai sani ba. Muka yi wa Inna bayani ta waya, ƙanwata na riƙe mata a kunne. Ta ce to, Allah ya kyauta. Muka ɗauka ta ji.

Duk azumin nan nakan kai kunu da ƙosai kafin Magariba, in ajiye a zaure, in yi sallama da ƙarfi, in juya. Ƙanwata ce ke amsawa ta fito ta ɗauka. Jaririya ta yi arba'in ba a kai ta ko'ina ba, Inna ba ta ga takwararta ba.

A gidanmu akwai abin da ba a taɓa fasawa ba ranar Sallah. Malmalar farko ta tuwon shinkafa ta Inna ce. Matata za ta zuba a langa, ta ɗaure da ƙyalle, mu ɗunguma gaba ɗaya mu kai, mu durƙusa mu gaishe ta, a ci tare a gabanta. Kuma kwano bai taɓa dawowa daga wurin Inna haka nan ba. Ko goro ne, ko dabino, ko ƙullin daddawa, sai ta jefa wani abu a ciki.

Wannan Sallar an ɗan sassauta kulle, amma muka ce a ci gaba da haƙuri. Bayan Idi na ɗauki langar ni kaɗai, na ajiye a zaure kamar kullum, na ɗaga murya na yi barka da Sallah. Na ji kamar motsi a ciki, ban ji amsa ba. Na ce a raina ko tana hutawa ne, na koma gida.

Bayan Azahar muna zaune a inuwa sai ga ƙanwata ta yi sallama, langa a hannu. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ajiye. Matata ce ta fara lura ƙullin ƙyallen nata ne, ba a ko kwance ba. Na tambaya ko jikin Inna ne. Ƙanwata ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta aiko da magana.

"Yaya, cewa ta yi a mayar wa masu lafiya kayansu, kada tarinta ya taɓa."

Sai a lokacin ta faɗa mana abin da ta yi wata guda tana ɓoyewa don kada ta tayar mana da hankali. A duk bayanin da muka yi ta waya, abin da ya shiga kunnen Inna shi ne tari da tsofaffi. Rediyo ma kullum maganar tari yake. Matan maƙwabta da ke shigowa aron rariya ko ɗiban wuta sun daina. Sai Inna ta haɗa, ta yanke cewa ita ake gudu, har da 'ya'yan cikinta. Ƙanwata ta yi ta gaya mata ba haka ba ne, ita kuwa ta ce rarrashi ne. Ta ce duk yammar da Inna ta ji sallamata a zaure, sai ta danne bakinta da matashi don kada in ji tarin in daina zuwa ma gaba ɗaya. Ta yi haƙuri ne tana cewa idan Sallah ta zo za a shigo. Yau tun da asuba ta yi wanka, ta ɗaura sabon zanen da na aika mata, ta sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida.

Na san abin da Allah ya ce a kan iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka, na kuma san ba don mugunta muka yi ba. Amma tsohuwa ta kwana wata guda da wannan a zuciya.

'Yata tana daga ƙofar ɗaki da jaririya a kafaɗa, hawaye na zuba. Sai ta fara lissafi kamar mai magana da kanta. Ta ce ita tun da ta zo gidan nan ba ta taka waje ba, jaririya ma haka, matata ma ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Mutum ɗaya ne ke fita duk ranar kasuwa yana cuɗanya da masu awon hatsi da fataken Mai'adua. Ta dube ni, tana share ido tana ɗan murmushi.

"Baba, ka yi haƙuri, kai kaɗai ne za ka tsaya a zaure."

Na ce mata ai mu ma a gida ɗaya muke kwana. Ta ce ta sani, shi ya sa za su sa takunkumi, su zauna a fili, su wanke hannu. Ta ce hatsarin bai ƙare ba, amma wanda Inna ke ciki yanzu shi ma ciwo ne, kuma ita ta kafa dokar, ita ya kamata ta je ta yi bayani baki da baki.

Matata ta ɗumama tuwon, ta sake miya. Bayan La'asar muka fita, su a gaba ni a baya. Suka shige ciki, na zauna a kan dakalin zaure inda mahaifina yake zama yana karatu. Daga nan, ta tsakanin ƙofar ciki, ba na hango komai sai gefen tabarma da ƙafafun Inna. Ta sa lalle.

Da yake sai an ɗaga murya take ji, duk abin da aka faɗa ya iso gare ni. Da farko Inna ta amsa gaisuwa a taƙaice, kamar ga baƙi. Ta tambaya su waye waɗannan masu rufe baki kamar 'yan fashi. 'Yata ta ce ita ce, jikarta. Inna ta ce a'a, malamar asibiti dai, wadda ta hana mutane kusantar masu tari.

"Inna, ba tarinki muke gudu ba. Mu ne za mu iya kwaso cuta a waje mu kawo miki. Ke muke ji wa tsoro."

Sai da 'yata ta maimaita, a hankali, kusa da kunnenta mai ji. Sannan Inna ta ce to wancan fa? Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, wancan take cewa. Aka ce mata ina zaure, don ni ke shiga kasuwa. Ta ce wato shi ne mai dattin. Na ji matata da ƙanwata sun tuntsire da dariya.

Na ji ƙarar buta da sabulu ana wanke mata hannu, tana mitar cewa ta fi su tsabta tun ba a haife su ba. Na ga ƙafafun nan masu lalle sun miƙe sun haɗu, irin zaman da mace ke yi idan za a ɗora mata jariri a cinya. Can sai muryarta ta taso ƙasa-ƙasa tana addu'a, tana roƙa wa yarinyar albarka da tsawon rai da kunya da imani. Na ɗaga hannu a zaure ina cewa amin ni kaɗai. Inna ta ce goshin na gidanmu ne, amma bakin nan na dangin ubanta ne, Allah dai ya sa kada ta yi surutunsu.

Tana cikin haka tarin ya taso mata. Ta miƙa jaririyar, ta kau da kai, ta yi shi a fili har ya lafa. Babu wanda ya tashi daga tabarma. Ƙanwata ta ba ta ruwa, aka ci gaba da hira.

Ban san lokacin da aka buɗe langar ba, sai dai na ji ƙamshin miyar taushe. Rana ta yi sanyi sosai lokacin da ƙanwata ta leƙo zaure, idonta ja amma tana dariya. Ta ce Inna ta ci malmala ɗaya har da ƙari, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Ta kuma ce in matso bakin ƙofa inda za ta hango ni, in cire hula.

Na matso, na durƙusa a kan dokin ƙofa. Inna tana can ƙarshen tsakar gida cikin sabon zanenta, takwararta a cinya. Ba ta kalle ni kai tsaye ba, don ba ta saba ba. Ta ɗaga tafin hannunta ta yi addu'a, ta tofa wajen da nake.

"Ku ce wa wancan gobe idan ya zo ya yi sallama da kyau, zan amsa da kaina."