Malam Haladu, Mai Kama Tsuntsu Ya Sake Shi

Da an idar da sallar asuba a Dilimi, Malam Haladu yakan ɗaure ragarsa a bayan keke ya nufi tsofaffin ramukan kuza na Bukuru, inda ruwa ke kwanciya. Can yake kafa ta tsakanin sanduna biyu. Kafin hantsi, kurciya da jan baki sun faɗa ciki. Sai ya ciro su a hankali ya buɗe fiffike, Oga Pwajok na ɗakin binciken cututtukan dabbobi ya ɗebi ɗigon jini da allura, shi kuma ya sake su.

Na taɓa tambayarsa me suke nema.

"Wata ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗauka," in ji shi. "In ya ciji tsuntsu, ko tsuntsun ya warke, alamarta na nan a jininsa. Abin da ke ɗaure mini kai, wasu tsuntsayen baƙi ne, daga ƙetaren hamada suke zuwa. Da ita suka zo, ko nan suka tarar da ita? Oga ma ya ce bai sani ba tukuna."

A daminar 1978 zazzaɓi ya kwantar da yara a wani ƙauye kusa da Kuru. Aka baza cewa tsuntsaye ne suka kawo shi, har aka jiƙa dawa da guba za a watsa a bakin ruwan da shanu ke sha. Akunna, mai sayar da abinci a wurin, ta ce da idonta ta ga Malam Haladu ya durƙusa gaban mai unguwa, da kurciya a hannu.

"Baba, ita ma cizon ta aka yi, kamar jikokinka. In kun kashe su, sauron nan wa zai koma ya ciza? A kai yaran asibiti tukuna."

Dattijon ya daɗe yana kallon kurciyar, sannan ya sa aka binne dawar. A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da aka saba gani, yaran kuma suka warke.

Watan nan Malam Haladu zai ajiye aiki, idanu sun yi rauni. Malam Haladu, mai sanyin hannu, kai ne ka kama tsuntsaye ba iyaka ba ka kai ko ɗaya tukunya ba, duk da tsiyar da uwargidanka Hasiya ke yi maka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu ma mu koyi halinka: kafin mu ɗaga hannu a kan abin da muke tsoro, mu tambaya me ya same shi.