Yadda Lado Ya Nemo wa Gidansu Suna

Duk wanda ya san Malikanchi ya san gidan Maijaki, mai durumi a ƙofa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, babu wanda ya ƙi jinin sunan nan kamar Lado, kuma babu wanda ya sha wahala wajen dasa shi kamar Lado ɗin.

Lado ɗan Ya'u ne, wani manomin rake da ya rasu tun yaron bai yi wayo ba. Uwarsa, Inna Azumi, ita ta raine shi da kaɗin auduga da ƙosai. Ya tashi da tsawo da baki da son tsabtar riga. Fartanya ba ta taɓa yi masa laifi ba, amma tun yana saurayi ya yanke gaisuwa da ita. Da aka samu mulkin kai, aka ce masaƙu sun buɗe a Kaduna suna ɗibar ma'aikata, sai ya bar amaryarsa Rahmatu wurin Inna, ya hau motar auduga ya tafi. A Kakuri, unguwar masaƙun, ya samu aikin zuba wa injuna mai. In ya zo gida kuwa, injiniya ne, kuma kowa ya bar shi a haka don a zauna lafiya.

Mai kula da injunan ɓangarensu wani ɗan ƙasar Sin ne, gajere mai fara'a, ana ce masa Mista Han. Hausarsa rabi ce, Turancin Lado bai kai rabi ba, amma in an haɗa da hannu da gira ana fahimtar juna. Wata rana da tsakar rana Lado ya ga wani zane a jikin kofin shayin mutumin, ya tambaya ko laya ce. Mista Han ya yi dariya, ya ce sunan gidansu ne. Ya ce shi Han ne, ubansa Han, kakansa Han, haka abin ya tafi baya fiye da shekara dubu biyu. Wai asali sunan wata ƙasa ce da aka ba wani jinin sarauta, da ƙasar ta rushe sai zuriyarta suka riƙe sunan. Har a wata ƙasa mai suna Koriya akwai masu shi. Ya ƙara da cewa malaman da can sun ce ma'anar zanen ita ce shingen da ake yi wa bakin rijiya.

Maganar rijiya ta shiga kunnen Lado ta fita. Sarauta da shekara dubu biyu su ne suka zauna daram.

Sai Mista Han ya tambaye shi nasu sunan gidan. Lado ya ce shi Lado Ya'u ne. To, Ya'u fa? Lado ya yi ɗan tari, ya ce Ya'u Maijaki. Mista Han, da yake mutum ne mai son sani, ya nemi ma'ana. Lado ya lalubi Turancin jaki ya rasa, ya yi kwatance ba a gane ba. A ƙarshe, a gaban abokan aiki, babban injiniyan Malikanchi ya ɗora tafuka biyu a kansa ya yi kunnuwa. Mista Han ya gyaɗa kai cikin ladabi ya ce jaki dabba ce mai ƙoƙari. Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi.

Daga ranar Lado ya rasa sukuni. Ya duba ya ga mu a nan suna ba ya kwana biyu a gida: ɗa ya ɗauki na uba, jika ya yar da shi ya ɗauki na nasa uban, kafin a kai tattaɓa-kunne an manta da kowa. Ga Rahmatu da tsohon ciki. Ya ɗauri aniyar cewa kafin ranar suna sai ya samo ainihin sunan yankan kakansa, ya sa wa jaririn in namiji ne, ya kuma mai da shi sunan gida wanda za a gada har abada. Ai mutum ba zai fito daga cikin uwarsa ana ce masa Maijaki ba. Lallai akwai suna, kuma a ganin Lado, inda akwai suna ba za a rasa 'yar sarauta a bayansa ba.

Ya ɗauki hutu ya dawo gida da takalmi sau-ciki, ya fara bin dattawa. Kowa ya ce Allah ya jiƙan Maijaki, mutumin kirki ne. Suna fa? Maijaki mana. Suka ce da tsufansa ya zo garin, shi da ɗansa da surukarsa, daga wani ɗan ƙauye a wajen Kurmin Kogi, kuma ba wanda ya ga dalilin titsiye dattijo a kan sunansa tunda yana amsa wanda ake kiransa da shi.

Lado ya ari keke ya nufi Kurmin Kogi. Ya tarar ƙauyen ya zama gonar dawa. Da ƙyar aka haɗa shi da wani tsoho, Ɗan'azumi, wanda ya san mutanen wurin. Tsohon ya yi murna ƙwarai. Ya ce ya san jakin nan sarai, irin wanda ake ce wa goho ne, mai baƙin layi a gadon baya, yana cizo, kuma ba ya tsallake rafi sai an rufe masa ido. Ya kusa cinye yinin a kan jakin. Da Lado ya matsa a kan mai jakin, sai tsohon ya sosa gemu, ya ce daga arewa dai ya zo a wata shekarar yunwa, shi kaɗai da dabbarsa, suna kam Allah ne masani. Lado ya dawo da ƙaya a taya, ya turo keken tun daga rabin hanya.

Saura mutum ɗaya, kuma tun farko ya san haka, yana dai kewaye-kewaye ne. Inna Azumi ta zauna da Maijaki, ita ta yi jinyarsa. Amma wace mace ce mai hankali za ta buɗe baki ta faɗi sunan surukinta? Ko sunan Ya'u, wanda ya daɗe a ƙasa, Lado bai taɓa jin sa a bakinta ba, sai dai Malam.

Ya same ta tana kaɗi a inuwar rumbu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi tari, ya ajiye mata goro da turmin atamfa, sannan ya kawo labarin Mista Han da sarakunansa. Ta saurara har ƙarshe, mazari bai tsaya ba.

“Ka sha wani abu ne a Kaduna?” in ji ta.

Shi ke nan amsar da ya samu a ranar.

To, Lado mai dabara ne, ai injiniya ne. Ya ce tunda ba za ta faɗi sunan ba, bari ya gano wanda take gudu. Ya shiga gari yana kwaso mutane su zo gaishe da Inna, kowa da irin sunansa, shi kuma ya tsuguna gefe ya kasa kunne. Aka kawo Musa mahauci, ta ce sannu Kallamu. Aka kawo Yusufu, ta ce Maitama ya gida. Umaru ya zama Sanda, Usmanu ya zama Shehu, Abubakar ya zama Garba. Ashe tsohuwar ba ta kiran babban namiji da sunan yankansa ko waye shi, balle a kama ta. Waɗanda ba su da irin wannan laƙabi kuwa duk ɗan nan ne. Mutanen gari suka gane akwai fura a gidan, suka riƙa zuwa ba gayyata, har wani ya zo sau biyu da suna daban. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin zumunci irin na bana ba.

Ana cikin haka Rahmatu ta sauka, namiji. Kwanaki suka fara tafiya, an sayi rago, an aika wa dangi goro har Nasarawan Doya, suna kuwa babu. Lado ya rame. Ana gobe suna, da hantsi, mata cike da tsakar gida suna surfe, ya shigo ya tsaya a kan uwarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce saboda kunyar ƙauye za ta bar gidan nan ba asali. Ya ce mutanen duniya suna ƙirga kakanni dubu, shi an hana shi ɗaya tal. Ya ce mutumin nan ya mutu, ƙasa ta cinye shi, me zai ji? Taɓarya ta tsaya a kowane turmi.

Inna Azumi ta ajiye mazari. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kai kana zaton kai ne ɗan farina? Da kai ne, da ka taɓa jin na kira ka Lado, ko na zauna ina hira da kai? Akwai yayanka. Shi aka sa wa sunan. Bai yi arba'in ba. Sau biyu aka fita da mai sunan nan daga hannuna, Lado. Ka bar ni.”

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari.

Kunya ta kama Lado, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Shekara talatin yana cin tuwon matar nan, tana zaginsa da sunansa, tana ja masa kunne, bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ba ta yi masa kawaicin ɗan fari ba. Ya san tarihin wani gida a ƙasar Sin, bai san an binne wansa a gonar dawar da ya tattaka da takalmi sau-ciki ba. Ya fita zaure ya zauna. Ya aika wa liman, Malam Muhammadu Lawal, cewa gobe ya zaɓi duk sunan da ya ga dama.

Da safe maza suka cika ƙofar gida, ana raba goro. Liman ya gyara zama zai yi addu'a, sai aka ce Inna tana son magana da shi. Ya matsa bakin ƙofar da ta shiga cikin gida. Tana tsaye daga ciki, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Lado yana kusa, ya ji da kunnensa.

“Malam, a sa masa sunan annabin nan da kifi ya haɗiye.”

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma Allah ya sani ba ƙaramin abu ba ne. Liman ya koma ya raɗa wa yaro suna Yunusa, aka shafa fatiha, aka yanka rago.

Zuciyar Lado ta yi fari tas. Har ya fara jera abin a ransa: Lado Yunusa, wane Yunusa, wance Yunusa, gidan Yunusa, har jikokin jikoki. Ya shiga cikin gida da sauri. Ya tarar an miƙa wa Inna jaririn, mata sun kewaye ta. Wata tsohuwar maƙwabciya, Lantana, ta leƙa fuskar yaron ta tambayi sunan wa ya ci. Aka gaya mata. Ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa.

“Ashe Maijaki ne ya dawo!”

Kowa ya san al'ada: wanda ya ci sunan mutum ya ci laƙabinsa. Kafin Lado ya ƙifta ido, Maijaki ya zaga tsakar gida, ya fita zaure, ya isa wurin masu fiɗar rago. Lado ya buɗe baki zai gyara musu, zai ce Yunusa ne, a kira shi Yunusa. Sai idonsa ya faɗa kan uwarsa. Ta ƙura wa jaririn ido, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. In ya faɗi sunan nan yanzu, sai ya faɗe shi gobe da jibi, da safe da yamma, a kunnenta, har ranar da za ta bar duniya. Ya rufe bakinsa. Lantana ta ce ya zo ya ga ɗansa mana. Ya tsuguna, ya taɓa ƙafar yaron, ya ce sannu da zuwa, Maijaki.

Ya koma Kaduna bayan suna, amma bai daɗe ba. Mista Han ya tambaye shi ko an samo sunan, ya ce an samo, ya ci gaba da zuba mai. Da ƙafar Inna ta ƙi, ya ajiye aiki ya dawo ya rungumi gonar raken ubansa, ya shirya da fartanya ba don yana so ba. Rake kuwa ba ya kai kansa kasuwar Makarfi, dole ya sayi abin ɗauka, kuma ba sai an faɗi abin da ya saya ba. Yaro ya girma Maijaki, ya shiga makaranta Maijaki, ya yi aure Maijaki, 'ya'yansa suka tashi 'yan gidan Maijaki. Shekara dubu biyu dai da saura, amma an kama hanya.

Lado ya tsufa a gindin durumin nan. Inna ta daɗe da rasuwa, ba sauran wanda sunan zai sosa wa rai in ba shi ba. Wata rana wata jikarsa da ta yi boko ta zo ta zauna kusa da shi, ta ce ita fa ta gaji da tsokanar da ake yi mata, ya gaya mata ainihin sunan babanta da na wanda aka yi masa takwara. Lado ya dube ta ya daɗe, goro a kumatu.

“Kin sha wani abu ne a makarantar?” in ji shi.