Ranar da Malam Habu Ya Tambayi Kawunsa Ko Zai Ci Abinci

Shekara shida ke nan da muka kai Malam Habu makwancinsa a Gumel. Sanƙarau ne ya ɗauke shi a tsakiyar bazara, bai jima yana jinya ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin labarin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ba na yabo ba ne, na kunya ne. Bana na ga gara in faɗe shi, tunda shi kansa bai taɓa ɓoye shi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin elementare ne, ɗan wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Yana gabana a makarantar midil, daga baya muka koyar tare. Yana goye mahaifinsa ya rasu, sai ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Sale, ya riƙe shi. Da aka kama Habu aka kai boko, Kawu ne mai takowa da ƙafa ya kawo masa gumba da ƙuli-ƙuli, ya zauna a gindin katangar makaranta har a tashi. Habu bai san wani uba ba sai shi.

Wata shekara aka zaɓi Malam Habu za a tura shi kwas Ingila. Kafin tafiya sai ya ci jarrabawar Turanci, don haka Baturen makaranta ya ba shi wani littafi na gwajin fahimta. Kowane shafi labari ne gajere kan al'adun mutanen can, da tambayoyi a ƙasa. Ni ne mai karanta tambayoyin, shi yana amsawa. Mun sha dariya a kan littafin nan. Littafin ya ce can ba a zuwa gidan mutum sai an sanar da shi. Idan babba ya shigo, miƙewa ake yi tsaye, a dube shi ido cikin ido. Idan baƙo zai tafi, a bakin ƙofa ake sallama, a mayar da ƙyaure. Akwai kuma shafin da Habu ya fi so, mai cewa ana tambayar baƙo ko zai ci abinci, in ya ce a'a an gama magana, domin matsa masa rashin ladabi ne.

"Garba," in ji shi, "ashe akwai ƙasar da Bahaushe zai mutu da yunwa a gaban akushi."

Amma Habu mutum ne da in ya sa abu a gaba ba ya yin rabi. Tsoronsa kada ya je ya ba mu kunya, a ce mutanen Gumel ba su san zama ba. Saboda haka amsa tambaya a takarda bai ishe shi ba, sai da ya mayar da zaurensa Ingila. Ya aro kujeru daga makaranta, yau ni ne mai gida shi baƙo, gobe mu sauya. Haka muka yi ta yi har abin ya zauna masa a jiki.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, Baturen ya zo da kansa da yamma don ya gwada shi. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Muna zaune a kan kujeru mu uku, sai ga sallama. Kawu Sale ne a kan jakinsa. Ya ci kasuwar Maigatari, ya kwana a hanya, ya ratso don ya ga ɗansa. Ƙafafunsa sun yi futu-futu, leɓensa ya bushe. A hammatarsa akwai sabon bargo, domin ya ji an ce ƙasar Turawa sanyi gare ta.

Malam Habu ya miƙe tsaye. Na jira in ga ya durƙusa, bai durƙusa ba. Yana tsaye ƙiƙam a kan tsohon nan, ya miƙa masa hannu, ya dube shi a ido. Kawu ya karɓi hannun, ya nemi gefen tabarma ya zauna. Aka gaisa sama-sama. Sannan Habu, da muryar nan da muka yi ta gwadawa, ya ce, "Kawu, za ka ci abinci?"

Ba sai na gaya wa mai karatu ba, a wurinmu ba a tambayar baƙo. Ruwa ake kawowa, a bi shi da abin da ya samu. Wanda ka tambaya, ka riga ka gaya masa amsar da kake so. Kawu ya dubi Habu, ya dube ni, ya dubi Baturen.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, "a ƙoshe nake."

"To, madalla," in ji Habu, ya koma kan kujerarsa.

Baturen ya yi murmushi ya ce daidai ne, haka ake yi. Bai san abin da ya faru a gabansa ba. Ni kuwa na sani, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ɗan taɓa zama, ya ajiye bargon a jikin bango, ya ce bari ya kama hanya kada rana ta faɗi. Habu ya raka shi bakin zaure, ya dawo aka ci gaba da tambayoyi.

Baturen na fita, matar Malam Habu ta yi magana daga bayan ƙyaure. "Malam, ina Kawu? Na ji muryarsa na dama fura, tuwo ma yana kan wuta. Tun ɗazu nake jira a zo a ɗauka."

"Ya ce ya ƙoshi."

Can ta ce, "Tambayarsa ka yi?"

Sai a lokacin abin ya sauko masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai. Ya ce da ni ba zai shiga jirgin ƙasa a Gagarawa ba sai Kawu ya yafe masa ya sa masa albarka, ko da za a ba wani gurbinsa. Kuma ya san za a bayar, domin masu jira suna da yawa.

Nakan tuna zaman nan nasa a ƙasa idan na dubi yau. Yanzu ana ta maganar mulkin kai, yaranmu sun cika ofisoshin En'e, wasu sun je Ingila sun dawo da kwat da laƙabi. Littafin nan ma ya shigo aji, ni da bakina nake karanta shi ga yara a Gagarawa. Kwanan baya na ziyarci wani tsohon ɗalibinmu a ofishinsa. Yana zaune ya miƙo mini hannu ta saman tebur, ya ce, "Malam, za ka sha shayi?" Na ce na gode. Ya ce to, ya ci gaba da aikinsa. Babu Bature a ɗakin, ba kuma jarrabawa zai ci ba. Ban ji haushinsa ba. Kunya na ji, domin yaron bai ƙirƙiro komai ba, abin da muka sa shi ya haddace ya yi. Na tambayi kaina me Malam Habu zai ce da yana nan. Ina jin ba zai zagi littafin ba, don gaskiya ya faɗa game da masu shi. Cewa zai yi mun koya wa yara yadda ake shiga gidan wasu, mun manta mu gaya musu a nan ba can ba ne.

Washegari da sassafe muka hau kekuna muka nufi ƙauyensu, rabi tuƙi rabi turi saboda rairayi. Muka tarar da Kawu a ƙofar gida yana gyaran igiya. Habu ya yar da keke ya zube a gabansa. Kafin ya buɗe baki Kawu ya ɗaga murya cikin gida, aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka kama kaza.

"Kawu, na zo ne in..."

"Ci abinci tukuna."

Ba a tambaye mu komai ba, sai ajiyewa ake yi. Da muka wanke hannu, ya yi ta bayani kansa a sunkuye, ya faɗi littafin, ya faɗi jarrabawar, ya ce ba uzuri yake kawowa ba. Kawu yana saurare yana murɗa igiyarsa.

"Wato can in baƙo ya ce a'a, shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Ko da a hanya ya kwana?"

"Ko da a hanya ya kwana."

Kawu ya jinjina kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Muka zauna har rana ta karkata, maganar ba ta sake tasowa ba. Habu ya dube ni, na ga ya fid da rai da Ingila.

Da muka yi sallama, sai Kawu ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka mana. Babba ba ya raka yaro, amma wa zai hana shi? Muka wuce rijiya, muka wuce gonaki, muna ture da kekuna, tsoho yana gaba. Habu ya yi ta roƙo, "Kawu, don Allah ka koma haka nan," shi kuwa kamar bai ji ba. Ni a zatona horo ne, yana nuna mana yadda ake rakiya, kuma wallahi horon ya shiga. Sai da ƙauyen ya ɓace a bayanmu ya tsaya a gindin wata tsamiya.

"Habu," in ji shi, "tun da ka faɗi maganar nan take damuna. Na san halinka, ni na rene ka. Ko a gidan maƙwabta ba ka iya cewa kana so. In ka je can suka tambaye ka, ka ce i. Ka ji ko? Ka ce musu za ka ci. Kada kunyar da na koya maka ta sa ka kwana da yunwa a ƙasar da ba ni nan."

Ya ɗora masa hannu a ka, ya sa masa albarka, ya juya. Ashe duk tsawon yinin nan ba yunwarsa ta jiya yake tunani ba. Malam Habu ya durƙusa a kan hanya yana kuka, ni kuwa na kau da kai.

Ya je Ingila, ya dawo da takardar shaida, bai daɗe yana morarta ba. Baturen ya koma ƙasarsu. Kawu Sale yana nan da ransa, idanu sun yi rauni, ba ya son a ambaci sunan Habu a gabansa. Idan na auna abin da ya rage na abokina, ba Turancinsa nake gani ba, ko da yake ya iya. An yafe masa tun a gindin tsamiyar nan, amma har ya koma ga Allah bai daina jin kunyar tambayar nan ba. Duk ajin da ya karanta wa shafin, sai ya rufe littafin ya ba su labarin da sunansa. Irin wannan kunyar nake nema a fuskokin waɗanda muke yayewa yanzu. Ban cika samunta ba, kuma mu ne malamansu.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya karɓi baƙuncinsa.